Filin Tambaya da Amsa: Tsohon keken tsere da rigimar kayan gyara

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi keken tsere na gwanjo, Raleigh, firam ɗinsa ƙarfe ne, giya biyar a baya. Tayar baya ta cinye, na sayo sabuwa mai rubutun 700C, amma ta ƙi hawa rim, har mai gyara ya huda mini tiyub biyu. Ina matsalar take? Mai karatu daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba laifin mai gyara ba ne, tayar ce ba ta rim ɗin ba. Ɗauko tsohuwar, ka goge gefenta da jiƙaƙƙen tsumma, za ka ga ƙananan lambobi irin 32-630. Ta farko faɗin tayar ce, ta biyu kuma girman rim a milimita, kuma ita ce abin dubawa. Yawancin tsofaffin kekunan tsere na Ingila inci 27 ne, wato 630. Ita kuwa 700C 622 ce, milimita 8 ta rage, ko da guduma ba za ta shiga ba. Kada kuma wani ya liƙa maka tayar babban keke irin na masu kai kaya kasuwa, 28 x 1½. Wannan 635 ce, za ta shiga salin alin, amma ana cika iska sai ta fice daga rim. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne, a wasu ƙasashen Turai ana rubuta 28 a jikin 700C, alhali ta fi 27 ƙanƙanta.

Ka nemi 27 x 1¼. Idan ka laluba cikin bakin rim ɗin ka ji shi sumul babu ɗan leɓen da ke riƙe taya, kada iskar ta wuce PSI 70 a ma'aunin mai faci.

In ta yi wuyar samu, sai ka sauya wili biyun gaba ɗaya zuwa 700C, kuma shi ya fi sauƙi nan gaba. Kafin ka biya kuɗi duba abu biyu. Robar birki za ta sauko ƙasa da milimita 4, sai ka ga ko ramin da take ciki yana da sauran wuri. Sannan ka cire wilin baya ka auna tsakanin ƙafafun firam ɗin biyu. Mai giya biyar milimita 120 ne, mai shida ko bakwai 126, wilin zamani mai giya takwas zuwa sama 130. Ƙarfe yana da haƙuri: daga 126 zuwa 130 da hannu ma ana buɗawa a zura wili. Daga 120 kuwa sai an buɗa kowane gefe milimita 5 daidai wa daida, in ba haka ba keken zai riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa.

TAMBAYA: Ina da tsohuwar Peugeot. Kofin da ke gindin firam, inda sandar feda ke juyawa, kullum sai ya kwance ta gefen kaca. Na sayo sabo ya ƙi shiga. Feda ma haka. Mai karatu daga Maraɗi.

AMSA: Malam, dakatar da sifana tukuna. Tsofaffin kekunan Faransa suna da nasu zare daban, wato tsagin da ake murɗawa a ɗaure kamar na noti. Kofinsu milimita 35 ne, kuma duka gefe biyu dama ake ɗaure su. Na Ingila, wanda shi ya cika kasuwa yanzu, 34.8 ne mai zare 24 a inci, kuma kofin gefen kaca hagu ake ɗaure shi. Dalilin wannan zaren hagu shi ne juyin boris a ciki yana ƙoƙarin kwance kofin, shi ya sa naka mai zaren dama yake ta saki. Kofin Ingila na gefen hagu, wanda ba na kaca ba, zai yaudare ka, ya shiga zagaye biyu ko uku sannan ya cije. Ka matsa masa da ƙarfi, ka cinye zaren firam, daga nan sai neman mai walda.

Shawararmu ka riƙe tsofaffin kofunanka. Wanke su da kananzir, ka duba inda boris ke gudu. In babu ramuka, zuba sabon giris, ka jera sababbin boris masu rubu'in inci, goma sha ɗaya a kowane gefe. Zaren gefen kaca ka bar shi a bushe, ka ɗiga masa gam ɗin ɗaure noti, ka ɗaure iya ƙarfinka. In kofin ya mutu, gara ka ciro daga wata matacciyar Peugeot ko Motobécane. Sai dai a shekarun 1980 kamfanonin Faransa sun yi ta sauya zare, saboda haka ka gwada da yatsu kawai. Zaren da ya dace ba ya neman ƙarfi a farko.

Tsayin bututun gindin ma yana ba da labari: milimita 68 na Ingila ne ko Faransa, 70 na Italiya, 71 ko 76 kuma Raleigh ce mai nata zare 26 a inci. Mai tambaya daga Zariya, tunda Raleigh ce da kai, sai ka lura da wannan.

Feda kuwa, duba ƙarshen sandarta. D da G alamar Faransa ce, milimita 14. R da L ta Ingila ce, ta ɗan fi kauri. Masu injin juya ƙarfe suna iya sake yanka zaren hannun feda ya karɓi ta Ingila, amma ka tuna musu ta hagu zaren hagu ce. Wuyan kan keke naka milimita 22.0 ne, na kasuwa 22.2, wannan kam samfefa ta isa ta rage na kasuwar. Kota kuma, ƙusar da ke riƙe hannun feda, milimita 9 ce, ba 9.5 ba.

TAMBAYA: Sandar sirdina tana zamewa ƙasa komai ɗaurin da na yi. Mai karatu daga Jos.

AMSA: Ta yi wa ramin siriri. Girman yana rubuce a ƙasan sandar, yawanci daga milimita 25.4 har 27.2, yana hawa da 0.2. Leƙa tsagar da ke bayan bututun: in leɓɓanta sun haɗe da ka ɗaure, an riga an matse ramin. Buɗa ta a hankali da sukundireba, a auna cikin da ma'aunin masu juya ƙarfe, sannan ka sayi mai wannan lamba. Shafa mata giris kafin ka zura, don sandar alminiyam cikin bututun ƙarfe, damina biyu ta isa ta manne.