Karatu ya zo ƙarshe, biza ma haka: amsoshin wasiƙunku

Wasiƙun wannan makon kusan duk daga ɗalibanmu na ƙasashen waje suka zo, ɗaya kuma daga mahaifin wani ɗalibi. Ita ce za ta ci mana lokaci.

Ina digiri na biyu a Ingila. Na miƙa kundin bincikena a Satumba, bizata za ta ƙare a Janairu, kuma ban samu aiki ba. Wallahi ko barci ba na iya yi.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba ki makara ba. Akwai bizar da suke kira Graduate, wadda aka buɗe a Yulin 2021, kuma ba a tambayar ko kin samu aiki kafin a ba ki. Shekara 2 ce ga mai digiri na farko ko na biyu, 3 ga mai digirin digirgir. Daga 1 ga Janairun 2027 za ta koma wata 18 ga kowa, ban da masu digirgir, saboda haka ranar da kika nema tana da tasiri. Sharaɗin shi ne ki nema kina cikin ƙasar, bizar karatunki ba ta mutu ba, kuma jami'a ta riga ta sanar da ma'aikatar cikin gida cewa kin kammala. Ba sai kin jira bikin yaye ɗalibai ba. A farashin 2025, kuɗin nema fam 880 ne, ga kuɗin asibiti fam 1,035 na kowace shekara da ake biya gaba ɗaya. Shekara biyu kenan fam 2,950. Fara tarawa yau. Idan kin tura takardun, kada ki fita ƙasar sai amsa ta fito, in kin fita an ɗauka kin janye. Sau ɗaya ake ba mutum ita, kuma ba a sabuntawa.

Ɗana yana Ingila, bizarsa ta bayan karatu saura wata huɗu. Ya ce akwai wani da zai samo masa CoS a gidan kula da tsofaffi kan fam 8,000. Ina da fili a Kano, in sayar?

Alhaji, don Allah kada ka taɓa filin nan.

Abin da ake ce wa CoS ba haja ba ce da ake kasawa a kasuwa. Shaida ce da kamfani mai lasisi yake bai wa wanda ya ɗauka aiki don ya nemi bizar aiki da ita, kuma ba ma takarda ba ce mai hatimi da sa hannu. Lamba ce da kamfanin ke fitarwa a na'urar hukuma. Kuɗinta fam 525 ne tun Afrilun 2025, kamfani ne ke biya, kuma tun ƙarshen 2024 doka ta hana shi karɓar kuɗin daga hannun ma'aikaci. To wanda ya ce a kawo 8,000, kuɗin me? Ka kai wannan adadin Wapa a buga maka da canjin yau, ka ga ko filin ma zai isa.

Na ga irin saƙonnin da suke turowa ta WhatsApp, duk uwarsu ɗaya. Hoton wata takarda mai tambarin sarautar Ingila a sama, an shafe suna, a ƙasa an rubuta saura gurbi biyu, a ba da rabi kafin Juma'a. Kuɗin kuma asusun wani mutum za a tura, ba na kamfani ba. Babu ganawar ɗaukar aiki, babu wanda ya tambayi yaron ko ya taɓa ɗaga tsoho daga gado. Abin da ke ba ni haushi shi ne mu ne mutanen da in za mu sayi shadda a Kantin Kwari sai mun murza ta, mun shinshina, mun kira wanda ya san kaya ya duba mana. Amma miliyoyi sai mu danna su a waya ga wanda ko gidansu ba mu sani ba, don kawai an ce ɗan'uwan wane ne, ko an ji yana yawan ambaton Allah a magana.

Ko an yi sa'a lambar ta gaske ce, ba a tsira ba. Yaro ya je ya tarar babu aiki, ko awa goma a mako, alhali a takarda an rubuta cikakken albashi. Tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 gwamnatin Birtaniya ta ƙwace lasisin kamfanonin kula da tsofaffi da marasa lafiya sama da 470. Idan aka ƙwace lasisi, yawanci kwana 60 ake bai wa ma'aikaci ya samu wani ubangida ko ya tattara. Idan kuwa takardar jabu ce aka kama, ana iya hana shi shiga ƙasar shekara 10, dillalin kuma ya kashe waya.

Ka ce wa yaron ya shiga gov.uk, shafin gwamnatin Birtaniya, akwai jerin duk kamfanonin da ke da lasisi, kyauta ake dubawa. Ya nemi aiki kai tsaye a wajensu. Ya kuma san ƙofar ta ƙara tsukewa: daga 22 ga Yulin 2025 mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru ya koma fam 41,700, amma sababbin kammala karatu irinsa an sassauta musu zuwa 33,400. In wata huɗun ta cika bai samu ba, ya dawo da digirinsa da ɗan abin da ya tara, filinka na nan. Dawowa gida ba abin kunya ba ne, Alhaji, ko da 'yan unguwa za su yi tsegumin mako biyu.

Ina Amurka, zan gama a Mayu. Ina so in zo bikin yayata in koma in nemi izinin aiki.

Ka juya tsarin. Izinin aikin bayan karatu, wanda suke kira OPT, wata 12 ne, masu kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi suna iya ƙara wata 24. Ana nema daga kwana 90 kafin ranar kammalawa zuwa kwana 60 bayanta, kuma kana cikin ƙasar za ka nema, bayan ofishin ɗaliban waje na jami'arku ya sa maka a I-20, takardar shaidar ɗalibta da jami'a ta ba ka. Kada ka fara aiki sai katin ya shigo hannunka. Sannan ka duba bizar da ke cikin fasfo ɗinka. A Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar da ake bai wa 'yan Najeriya shiga ɗaya, ta wata uku. In ka fito, komawa na iya gagara. Tura gudummawa, a nuna maka kamun amarya ta bidiyo.

In na bari bizar ta mutu na yi shiru, wa zai sani?

Mai gidan hayarka da wanda zai ɗauke ka aiki, tunda a Ingila doka ta tilasta musu dubawa. Ka kai shekara ana koya maka bincike, wannan tambayar ka samo?

Gwamnati ce ta biya min karatu a Ingila, zan iya tsayawa in yi aiki?

In gwamnati ce ta ɗauki kuɗin makaranta da na abincinka cikin wata 12 da suka wuce, sai da rubutacciyar yardarta za a ba ka bizar Graduate. Kafin nan ɗauko yarjejeniyar da ka sa wa hannu ka karanta, ka tuna da wanda ya tsaya maka.

Ina Kanada, fasfo ɗina saura shekara ɗaya.

Sabunta shi tukuna. Izinin aikin bayan karatu na iya kaiwa shekara 3, amma ba sa rubuta ranar da ta wuce ta mutuwar fasfo. Kwana 180 gare ki na neman izinin daga ranar da makaranta ta tabbatar kin gama, kuma tun Nuwamban 2024 sai da sakamakon jarrabawar Turanci ko Faransanci. Nemi ranar zuwa ofishin jakadanci a Ottawa tun yanzu.