Injiniyana na neman sati biyu don rubutu kawai, in ba shi?

Wani ɗan kasuwa ne ya turo min tambaya, yana da sabobi uku yana ba mutane haya suna ɗora shafukansu. Ya ce kwanaki shafin kwastoma ɗaya ya cinye memori har na sauran duk suka tsaya cak, injiniyansa ya kwana yana gyara, yanzu kuma yaron ya ce a ba shi sati biyu ya rubuta bayanin yadda ake raba ƙarfin na'ura da cgroups domin wanda suke bi ya tsufa. Ya kuma ce yana so ya tura gyara ga masu rubuta bayanin manhajar. Shi ɗan kasuwar kuma gani yake asarar albashi ce kawai.

Alhaji ka ba shi. Ai abin da kake sayarwa ke nan ba ka sani ba. Duk kwastoman da ka ce masa giga biyu ne rabonsa, cgroups ne ke tsare wannan alkawarin, shi ne katangar da ke tsakanin mai haya da mai haya a cikin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da sabobin. Injiniyoyin Google suka fara shi a 2006, ya shiga Linux a 2008, sai aka sake masa gini a 2016 aka fito da na biyu, kuma daga nan matsalar rubutu ta faro. A cikin nau'o'in Linux, Fedora ta koma na biyun a 2019, Debian 11 da Ubuntu 21.10 suka bi a 2021, amma har gobe intanet cike take da bayanin tsohon. Yaro zai nemo memory.limit_in_bytes, wato saitin iyakar memori, ya duba sabarsa babu shi, saboda yanzu sunansa memory.max, in bai yi sa'a ba ma ya ɗauka ya sa iyaka alhali komai a buɗe yake.

Akwai kuma wanda ya fi cin mutane. Mutum ya shiga /sys/fs/cgroup, inda saitin cgroups yake, ya rubuta lamba da hannu, aiki ya yi kyau, ranar da aka kashe na'ura aka kunna shi ke nan ta goge. Hanyar da ke ɗorewa ita ce ta systemd, manhajar da ke kunna ayyuka a Linux, a rubuta MemoryMax da CPUQuota, wato iyakar memori da ta ƙarfin na'ura, a fayil ɗin kowane aiki. To wannan ilimin yanzu a kan mutum ɗaya yake, in gobe ya samu aikin da ya fi naka ko ciwo ya kwantar da shi fa? Wallahi wannan ya fi damuna fiye da sati biyun, don kwastoman da shafinsa ya faɗi sau biyu ba ya tsayawa jin bayani, kayansa yake kwashewa.

Sai dai kar ka sakar masa abin haka nan. Ka ce ba littafi kake so ba, shafi huɗu zuwa biyar sun isa, a ciki a ga wa aka ba nawa kuma me ya sa, da inda ake canzawa. Ya bambance memory.high da memory.max da kyau domin magana ce ta kuɗi, na farkon rage wa aiki gudu yake in ya wuce iyaka, na biyun kuwa in abin ya ƙi sai a kashe aikin gaba ɗaya, kuma kai ya kamata ka yanke wanne ake wa kwastoma, ba shi ba. Ya sa kwanan wata da sigar Linux ɗin a saman takardar.

In ya gama ka ɗauko wani yaron da bai taɓa saitin ba, ka ba shi takardar da sabar gwaji ka ce ya sa wa aiki ɗaya iyaka ya nuna maka aikin bai wuce ta ba a systemd-cgtop, manhajar da ke nuna abin da kowane aiki ke ci. Duk inda ya tsaya yana tambaya, nan ne rubutun bai kai ba, a koma a gyara.

Maganar da injiniyan ya yi ta tura gyara ga masu rubuta bayanin manhajar ita ma ban ƙi ba, abu ne mai kyau tunda kyauta kake cin moriyar aikinsu, amma ya fara gama na gida tukuna, sannan ya cire sunayen kwastomomi da adireshin sabobinka kafin ya tura.