Zane-zanen da ake wayi gari a gani a gonakin Ingila: aikin aljanu ne? Ya halatta a je kallonsu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibi ne, ina karatu a Ingila. Duk shekara idan alkama ta kusa nuna, sai a wayi gari a wasu gonakin kudancin ƙasar a ga an kwantar da karan alkamar, an yi da'irori da zane-zane masu ban mamaki waɗanda ba a gane su sosai sai daga sama. Na tura hotunan gida, yayana ya ce aikin aljanu ne, wani abokina ya ce alamar tashin kiyama ce, wasu Turawan da muke karatu tare kuma sun ce halittun wata duniyar ne. An ce ma fiye da shekara ɗari uku ke nan ana ganin abin. Yanzu abokaina sun shirya zuwa kallon wata gona. Malam, me ya kamata Musulmi ya ƙudurce a kan wannan? Kuma ya halatta in bi su?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Samuwar aljanu gaskiya ce, wanda ya musanta ta ya ƙaryata Alƙur'ani. Allah ya halicce su domin bauta kamar yadda ya halicce mu, akwai sura guda da sunansu, kuma ya gaya mana a Suratul A'araf cewa Shaiɗan da rundunarsa suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu. Amma a ce aljanu suna nan magana ɗaya ce, a ce su suka kwantar da alkamar gona kaza a dare kaza wata magana ce daban. Ta farko wahayi ya zo da ita. Ta biyu kuwa labari ne a kan wani abu da ya faru, kuma duk mai ba da labari ana neman hujja a wurinsa. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36: kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, domin ji da gani da zuciya duk za a yi tambaya a kansu. Yayanka da Baturen da ya ce halittun wata duniyar ne sun sha bamban a aƙida, amma a wannan mas'ala hanya ɗaya suka bi: sun ga abin da ya ba su mamaki, sai suka ba shi mai yi ba tare da shaida ba.

To bari mu duba labaran da ake kafa hujja da su, tunda malamanmu na hadisi sun koya mana cewa kafin a yi gini a kan labari sai an tambayi wa ya faɗa, kuma me ya faɗa takamaimai.

Wanda aka fi ambata shi ne wata 'yar takarda da aka buga a Ingila a 1678. Ta ba da labarin wani manomi a yankin Hertfordshire da suka kasa daidaitawa da mai yankan hatsi a kan lada, har manomin ya fusata ya ce gara Shaiɗan ya yanke masa gonar da ya biya wannan kuɗin. Aka ce da dare sai aka ga gonar kamar tana ci da wuta, da safe aka tarar an yanke hatsin tsaf. Ka lura da abu biyu. Labarin ya ce yanke hatsin aka yi, ba kwantar da shi ba, ke nan ba abin da kake gani a hotunanka ba ne. Sannan takardar ba ta ambaci sunan manomin ba, irin takardun ban al'ajabi ce da ake sayarwa mutane a wancan zamani. Da a ma'aunin riwaya za a ɗora ta, ko kallo ba za ta samu ba.

Labari na biyu ya fi wannan nauyi. A 1880 wani mai sha'awar kimiyya, John Rand Capron, ya rubuta wa mujallar Nature cewa bayan wani hadari mai ƙarfi ya ga wurare a gonar alkama a yankin Surrey inda kara ya kwanta a kewaye. Mutumin ya faɗi sunansa, ya faɗi wurin, kuma shi da kansa ya danganta abin ga iska mai juyawa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa noma. Manomin gero da dawa ya san yadda ake kwana da ruwa da iska a wayi gari wani sashe na gona ya kwanta, wani yana tsaye. Na uku a Ostireliya ne, a Janairun 1966, kusa da garin Tully, inda wani manomin ayaba ya ce ya ga wani abu mai siffar faifai ya tashi sama daga wata fadama, ya bar ciyawar ruwa a kwance a kewaye, faɗinta kusan mita tara. Shi kaɗai ya ga tashin abin, kuma masu binciken da suka duba lamarin sun fi karkata ga cewa guguwa ce ko wani abu makamancinta.

Manyan zane-zanen da kake magana a kai kuwa ba su da wannan tsufan. A ƙarshen shekarun 1970 suka fara bayyana a yankunan Hampshire da Wiltshire na kudancin Ingila, kuma an san waɗanda suka faro su. A Satumban 1991 wasu dattawa biyu daga Southampton, Doug Bower da Dave Chorley, suka fito a jaridar Today suka ce su ne, sun yi fiye da ɗari biyu, kuma labarin Tully ne ya ba su dabarar. Kayan aikinsu falanki ne da igiya, sai wata 'yar waya da suka maƙala a hula don saita layi. Mutum ya ɗaura igiya a bakin falankin biyu, ya riƙe ta, ya taka falankin da ƙafa, kara ya kwanta, ya ɗaga ya ƙara gaba. Ba su tsaya a faɗa da baki ba, suka yi wata da'irar a gaban 'yan jarida, aka kira Pat Delgado, ɗaya daga cikin mashahuran masu binciken abin, ya duba ya tabbatar cewa ba aikin ɗan Adam ba ne, sannan aka gaya masa waɗanda suka yi. Bayan su wasu gungun masu zane suka ɗauki sana'ar suka ƙware, suna tsara zanen a takarda, su shiga gona ta layukan da tayar tarakta ta bari don kada a ga sawu. Daga nan aka ga irin na kusa da Stonehenge, wurin tsofaffin duwatsun tarihi, a 1996 mai da'ira 151, da na tudun Milk Hill a 2001 mai da'ira 409. Har kamfanoni suka riƙa biyan irin waɗannan mutane su zana musu talla a gona.

Ka kuma tambayi kanka: me ya sa zane-zanen suka fi yawa kusa da hanyar mota da wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa, irin su Avebury da Stonehenge? Me ya sa suke ƙara kyau shekara bayan shekara, daidai da yadda hannun mai sana'a ke faɗawa? Wannan ɗabi'ar aikin mutum ce.

Wani zai ce ai ba kowace da'ira aka kama wanda ya yi ba. Haka ne. Amma idan an wayi gari an ga an fasa shago ba a kama ɓarawo ba, babu alƙalin da zai rubuta cewa aljani ne ya fasa. Abin da aka saba ganin mutane suna yi, kuma aka ga sun iya, ga mutane ake mayar da shi har sai hujja ta zo da saɓanin haka. Zato kuwa, kamar yadda Allah ya faɗa a Suratun Najmi, ba ya wadatar da komai daga gaskiya.

Wannan wurin nake so ka tsaya ka fahimta sosai, domin cutar ba ta Turawa kaɗai ba ce, mu ma muna da ita. Guguwa ta taso a fili sai a ce aljanu ne ke wucewa, alhali Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya koya mana cewa idan iska ta taso mu roƙi Allah alherinta da alherin abin da ke cikinta, mu nemi tsari daga sharrinta. Yawan jingina komai ga aljanu ba ƙarfin imani ba ne. Yana girmama su a zuciya har tsoronsu ya yi gogayya da tsoron Allah, kuma ta wannan ƙofa boka da ɗan duba suke shigowa. Allah ya ba mu labari a Suratul Jinni cewa wasu maza daga mutane sun kasance suna neman tsari da wasu maza daga aljanu, sai hakan ya ƙara musu wahala da ɓata. Ka tuna kuma da rasuwar Annabi Sulaimanu, alaihis salam, a Suratu Saba'i: yana tsaye dogare da sandarsa ya rasu, aljanu suna ta aikin wahala ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Waɗanda ba su san abin da ke gabansu ba, ta yaya za a ce suna rubuto mana saƙon gaibu a gonar alkama?

Maganar cewa alamar tashin kiyama ce ta fi ta yayanka haɗari, domin ita jingina magana ce ga addini. Alamomin kiyama ba a sanin su sai ta Alƙur'ani da ingantaccen hadisi, kuma babu wannan a ciki. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Annabi bai bar maganar ta wuce ba, ko da yake girmama shi aka yi nufi da ita. Ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Idan abin da ke sama, wanda babu hannun mutum a ciki, an hana a ba shi fassarar da wahayi bai ba shi ba, ina ga zanen da aka yi da falanki? Ka gaya wa abokinka cikin lalama cewa Muslim ya ruwaito: ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Wannan ya haɗa da tura hoto da rubutu a ƙasansa ba tare da bincike ba.

Batun halittun wata duniyar ba ya buƙatar dogon bayani. Allah yana halittar abin da ya so, ya ce a Suratun Nahli yana halittar abin da ba ku sani ba. Wannan bai zama hujjar cewa wasu halittu sun sauka a Wiltshire ba.

Sai hukuncin zuwa kallo. Asalinsa halal ne, kamar kallon duk wani zane da babu haram a cikinsa, amma da sharuɗɗa. Za ka tarar a can da mutanen da suke zama a tsakiyar da'irar suna cewa akwai wani ƙarfi mai warkarwa a wurin, wasu suna kwanciya, wasu suna yawo da sanduna suna neman alamu. Kada ka shiga cikin wannan, ko da wasa. Neman albarka ko waraka a wurin da shari'a ba ta ce akwai su ba hanya ce ta shirka, kuma ka san yadda Annabi ya tsananta wa sababbin shiga Musulunci a hanyar Hunaini da suka nemi ya sanya musu wata bishiya ta neman albarka irin Zatu Anwaɗ ta mushirikai. Haka nan kada ka je wurin mai cewa zai fassara maka abin da zanen ke nufi game da gobe. Wannan duba ne ko da an canza masa riga, kuma hadisin Muslim ya ce wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ba ta kwana arba'in.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda mutane suka fi mantawa, kuma ni shi ya fi damuna: gonar nan tana da mai ita. Mutum ya yi huɗa, ya shuka, ya zuba taki, yana jiran girbi, wasu suka shiga da dare suka tattake masa, washegari kuma jama'a suka biyo suka ƙarasa abin da ya rage. Kasancewarsa ba Musulmi ba bai halatta dukiyarsa ba, balle kai da ka shiga ƙasarsu da amana. Idan manomin ya buɗe gonar ya ba da izini, ko ya sa kuɗin shiga, ka biya ka shiga, ka bi layin da aka bari. Idan ya hana, ka tsaya daga bakin hanya ko kan tudu, dama daga can aka fi ganin zanen.

Daga nan hukuncin masu yin zanen ya fito. Yin sa a gonar wani ba da izininsa ba haramun ne, ya haɗa ɓarnar dukiya da yaudarar jama'a. Allah ya zargi mai yawo a bayan ƙasa yana halaka shuka da dabbobi a Suratul Baƙara, aya ta 205, kuma ya ce ba ya son ɓarna. Wanda ya yi sai ya biya ƙimar abin da ya lalata. Alƙur'ani ya kawo shari'ar da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suka yi a kan gonar da tumaki suka shiga da dare, kuma Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa da taguwar Barra'u ɗan Azibu ta yi ɓarna a gonar wani, Annabi ya hukunta cewa masu gonaki su tsare su da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Idan an lamuntar da mutum ɓarnar dabbarsa wadda ba ta da hankali, wanda ya ɗauki falanki da hannunsa ya fi cancanta. Dokar ƙasar ma haka ta tafi, a 2000 wata kotu a Wiltshire ta ci wani mutum tara saboda wannan aikin. Amma idan mai gona ya yarda, an biya shi, an kuma bayyana wa mutane cewa aikin hannu ne, kuma zanen bai ƙunshi alamar bautar wanin Allah ko tallar haram ba, to babu laifi, sai dai barin lalata abinci don ado shi ya fi.

Alkamar da aka girbe daga irin wannan gona halal ce, a ci a sayar, babu abin da ya same ta. Idan kuma ka isa wurin ka ji zuciyarka ta ɗarsa tsoro saboda abin da aka daɗe ana faɗa maka, ka karanta abin da Muslim ya ruwaito daga Khaulatu 'yar Hakim ga wanda ya sauka a wani masauki: A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ. Ka yi sallarka a kan lokaci a tafiyar, ka kuma isar da gaisuwata ga yayanka tare da wannan bayani.

Wallahu a'alam.