Tambaya da Amsa: Yaya Debian ta kai shekara talatin ba tare da kamfani ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Na ji an ce wata babbar manhajar kwamfuta mai suna Debian ta haura shekara talatin, kuma ba ta wani kamfani ba ce, ba a ma sayar da ita. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wa ke biyan masu yin ta, kuma ta yaya za a amince da abin da ba shi da mai shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. A ranar 16 ga Agustan 1993 ne Ian Murdock, wanda a lokacin ɗalibi ne a Jami'ar Purdue da ke Amurka, ya sanar da fara aikin Debian, saboda haka a 2023 ta cika shekara talatin cif. Ya gina ta ne a kan Linux, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa sassan kwamfuta, wadda Linus Torvalds ya fito da ita a 1991, tare da manhajojin GNU, wani aiki na samar da manhajojin da kowa ke da damar amfani da su ya kuma gyara, da niyyar a riƙa haɗa ta a bainar jama'a, duk mai ilimi ya sa hannu. Murdock ya rasu a 2015, bayan ya daɗe da barin shugabancin, amma aikin bai tsaya ba.

Game da biya, Debian ba ta da ma'aikata masu karɓar albashi a wurinta. Mambobinta kimanin dubu ɗaya ne, a warwatse a ƙasashe daban-daban, akasarinsu suna aikin ne don sa kai bayan sun tashi daga wurin neman abinci, wasu kuma kamfanonin da suka dogara da ita ne ke ba su lokaci su kula da sashen da ya shafe su. Gudummawar kuɗi da ake samu tana tafiya ne wajen injinan adana bayanai da taron shekara-shekara da ake kira DebConf, wanda a 2016 aka yi shi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu.

A ganina, abin da ya riƙe ta shi ne rubutacciyar ƙa'ida, domin ayyukan gayya da yawa sun taso a intanet sun watse da zarar jagoran ya gaji. A 1997 mambobin suka amince da wata yarjejeniya tsakaninsu da jama'a, inda suka yi alkawarin cewa Debian za ta ci gaba da kasancewa abin da kowa ke da damar amfani da shi, ya duba yadda aka rubuta shi, ya gyara, ya raba wa wasu, kuma ba za su ɓoye matsalolinsu ba. A 1998 suka kafa tsarin mulki, wanda ya tanadi zaɓen shugaba a kowace shekara da jefa ƙuri'a a kan manyan batutuwa. Wannan bai hana saɓani ba, domin a 2014 muhawara ta yi zafi a kan manhajar systemd, wadda ke tayar da ayyukan kwamfuta idan an kunna ta, har wasu suka ɓalle suka kafa Devuan, wani reshen Debian marar systemd, amma an yanke hukunci ta hanyar da aka shimfiɗa, aikin kuma ya ci gaba.

Batun amana kuwa, yana da kyau ka san yadda manhaja ke isowa hannunka. Sabuwar manhaja tana fara shiga rukunin da ake kira sid ne, inda masu gwaji ke fama da ita, idan ta kwana biyu ba a sami babbar matsala ba sai ta wuce rukunin gwaji, sannan kusan duk bayan shekara biyu a dakatar da shigar da sabbin abubuwa na tsawon watanni, a yi ta gyara har sai an gamsu kafin a fitar. Haka aka fitar da Debian 12 a Yunin 2023, ɗauke da ƙunshin manhajoji fiye da dubu sittin. Duk da haka kuskure yana faruwa: a 2008 an gano cewa wani gyara da aka yi wa OpenSSL, manhajar da ke kare sirrin bayanai, tun 2006 ya raunana makullan sirri da kwamfutoci masu Debian ke samarwa. Kuskure ne mai muni, amma an bayyana shi a fili, aka gyara, aka kuma ba mutane hanyar gano makullan da abin ya shafa. Wata alamar amincewa da Debian kuma ita ce, wasu manyan manhajoji irinta, kamar Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, da Kali Linux da Raspberry Pi OS, duk a kanta aka gina su.

Idan don ɗalibanka kake tambaya, shawarata ita ce ka sauke ta a kan filashi, ka tayar da kwamfuta ɗaya da ita ba tare da ka goge komai ba, ka duba ko firinta da na'urar kama intanet suna aiki. Ga tsofaffin kwamfutoci ka zaɓi fuskar Xfce domin ba ta da nauyi. Ka sani kuma cewa LibreOffice za ka samu a madadin Microsoft Office, don haka ka fara duba ko manhajar karatunku ta amince da hakan kafin ka sauya sauran kwamfutocin.