Kafin ki zaɓi jami'a, ki binciki wanda zai duba aikinki

Ƙanwata, kin ce kin karanta maikurobayoloji a Jami'ar Jihar Gombe, kin gama bautar ƙasa, kina neman inda za ki yi digiri na biyu a bayoinfomatiks, wato nazarin bayanan ƙwayoyin halitta irin su DNA da kwamfuta. Na bi hanyar nan kafin ke, daga nan Bauchi, don haka bari in gaya miki abin da na so a ce wani ya gaya mini.

Ni sunan makaranta na bi. Sai da lokacin bincike ya zo na gane sashenmu ba shi da babbar kwamfutar da ɗalibai za su shiga su yi aiki, malamin da aka ba ni kuma bai taɓa riƙe bayanan DNA na gaske ba. Da laftof ɗina na riƙa fama. Akwai daren da na bar ta tana harhaɗa jerin DNA na wata ƙwayar cuta, aka ɗauke wuta, batir ya mutu wajen ƙarfe uku. Na tashi sallar asuba na tarar aikin kwana biyu ya tafi. Har yau abin yana ci mini rai, domin tambaya ɗaya tun farko da ta raba ni da wannan wahala.

Saboda haka ki rubuta wa malamin da kike so ya duba aikinki tun kafin ki sayi fom. Ki karanta abin da ya wallafa cikin shekara uku da suka wuce. Ki tambaye shi daga ina bayanan za su fito, a wace kwamfuta za a yi lissafin, ɗalibansa na baya kuma suna ina yanzu. Idan kin sami ɗaya daga cikinsu, ki kira shi. Ɗalibi ba ya ɓoye gaskiyar sashe.

A gida Najeriya, ki duba Jami'ar Covenant da ke Ota, sun daɗe a fannin. Akwai kuma cibiyar ACEGID, mai nazarin ƙwayoyin halittar cututtuka masu yaɗuwa, a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi. Su ne suka fara fitar da cikakken jerin ƙwayar korona a Afirka, a watan Maris na 2020, kuma sun yi aiki sosai kan zazzaɓin Lassa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Bauchi na cikin jihohin da Lassa ta fi addaba, tare da Ondo da Edo. A waje akwai Makerere a Yuganda, da Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu. Kuɗin makarantu masu zaman kansu da nauyi, ki nemi tallafi da wuri, kamar na Commonwealth ko DAAD na Jamus.

Abin da ya fi kayar da mu 'yan bayoloji shi ne rubuta umarnin kwamfuta. DNA ɗin mutum ɗaya ya kai haruffa biliyan 3, ba abin da za a buɗe a Excel ba ne. Tun yanzu ki sa Linux a laftof ɗinki (tsarin gudanar da kwamfuta ne kamar Windows), ki fara koyon yarukan rubuta umarni na Python da R, ko da awa ɗaya ce bayan isha'i. Ki ɗauko jerin ƙwayar Lassa daga rumbun bayanan DNA na NCBI da ke intanet, kyauta ne, ki gwada shi a BLAST, manhajar da ke kwatanta jeri da sauran jerin da ke rumbun. Abin da ya fito, ko kaɗan ne, ki haɗa shi da wasiƙar da za ki aika wa malamin.

Allah Ya zaɓa miki mafi alheri. Idan Linux ɗin ya ƙi hawa, ki yi mini magana.