Tambaya da Amsa: Ta yaya ɗan wasa zai gane abokin karawarsa ya kusa suma?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokaina biyu muna haɗa wani wasa na rubutu zalla a Telegram, da Hausa, babu hoto ko ɗaya. Ɗan wasa yana rubuta abin da zai yi, kwamfuta ta ba shi amsa. Kowa yana ganin makin ransa da lamba, kuma in ya kai sifili sai ya suma. Inda muka samu saɓani shi ne makin wasu. Ɗaya daga cikin abokan nawa ya ce a nuna lambar kowa a fili, kamar 12 cikin 80. Ɗayan ya ce a ɓoye gaba ɗaya. Mun gwada ɓoyewa, sai masu gwaji suka fara ƙorafi cewa abokin tafiyarsu yana faɗuwa ba zato ba tsammani, mai magani na tsaye kusa da shi bai sani ba. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara basira. Duka abokan naka biyu ban bi bayansu ba, sai dai na fi kusa da mai cewa a ɓoye. Ka ɓoye lambar, ka fito da alamun. Aikin yana wurin zaɓen alamun, kuma a nan ne yawancin masu irin wannan wasa suke tuntuɓe.

Gardamar taku ta girme ku. Wasan rubutu na mutane da yawa, wanda ake kira MUD, ya samo asali ne a 1978 a Jami'ar Essex ta Ingila, a hannun Roy Trubshaw da Richard Bartle. A farkon shekarun 1990 wasu ɗalibai a sashen kwamfuta na Jami'ar Kwafanhegan da ke Danmak suka fitar da DikuMUD, daga shi kuma aka samu CircleMUD na Jeremy Elson a 1993. Yadda CircleMUD ya warware matsalarku shi ne: in ka dubi wani, sai a lissafa kashi nawa cikin ɗari na ransa ya rage, a ba ka jimla ɗaya daga cikin takwas. Kashi 100, yana cikin ƙoshin lafiya. Daga 90, 'yan ƙuje-ƙuje. Daga 75, ƙananan raunuka. Haka ake sauka ta 50, da 30, da 15, har zuwa jimlar da ke cewa yana cikin mummunan hali. In maki ya kai sifili mutum ya dimauce, a ƙasa da sifili da 3 ba ya iya komai, da 6 ya kama hanyar mutuwa, da 11 ya cika. Wasanni da dama sun kwafi wannan tsani, kuma in gaggawa kuke yi, ku ma ku kwafa, zai fi abin da kuke da shi yanzu.

Amma sake duba jimlolin nan. Kusan duk maganar fata suke yi: ƙujewa, rauni, jini. Babu wadda ta ce maka mutumin yana ganin jiri. Kai kuwa a wasanka suma ake yi, kuma rauni daban, suma daban. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san haka. Za ka ga ɗan dambe leɓe a fashe, jini har ƙirji, amma ƙafarsa a kafe, idonsa na kan abokin karawa. Ga wani kuma jikinsa sumul, ko ƙwarzane babu, sai dai ya sha guda a muƙamuƙi. Hannun da yake karewa da shi ya sauka bai sani ba, yana taku kamar mai tafiya a kan katifa. 'Yan kallo ba sa buƙatar allo kafin su tashi da ihu, sun riga sun san wa za a kashe, wato wa zai kai ƙasa. Irin wannan sanin kake so ɗan wasanka ya samu daga rubutu.

Saboda haka shawarata ta farko, ka raba ma'aunin gida biyu: na rauni da na hayyaci. Ba sabon abu ba ne. Champions, wasan tebur na 1981, yana da maki na jiki da maki na dimauta, kowanne da lissafinsa. Shadowrun na 1989 ma layi biyu yake ja. Dungeons & Dragons a bugunsa na 3.5 ya bi wata dabara da nake so: dukan da ba na kisa ba ana tara shi gefe, in tarin ya kai makin ran da ya rage mutum ya fara layi, in ya wuce sai ya suma. Kyan wannan shi ne wanda ya riga ya sha sara, ɗan mari kaɗan ya ishe shi. In raba ma'auni zai yi muku yawa a yanzu, to ko da maki ɗaya kuke aiki, ku raba bayanin: rabin sama na tsanin ya yi maganar fata, rabin ƙasa ya koma maganar ido da baki da ƙafa.

Ido da baki da ƙafa ɗin nan ba ni na ƙago su ba, daga asibiti na aro. A 1974, shekarar da Dungeons & Dragons ya fito, wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Glasgo, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fitar da ma'aunin da har yau ake auna zurfin suma da shi. Matsalarsu irin taka ce sak: ba su da lambar da za su karanta a goshin majinyaci, dole su dogara da abin da mai kallo zai iya gani. Sai suka tsaya kan abu uku. Yana buɗe ido da kansa, ko sai an kira shi, ko sai an matse shi? Maganarsa daidai take, ko a rikice, ko sambatu, ko nishi kawai? Yana bin umarni in an ce ya motsa? Ana haɗa makin, mafi ƙanƙanta 3, mafi girma 15. Ba cewa nake ka mai da wasanka ɗakin gaggawa ba. Abin ɗauka shi ne waɗannan ƙofofi uku, domin ta nan hayyaci yake nuna yana shirin fita.

Ga yadda zan rubuta shi da nawa ne. Ɗan wasa ya rubuta "duba ɓarawo", sai amsa ta zo:

"Goshinsa a fashe, jini na bin gefen fuskarsa. Amma idonsa na kanka, wuƙar kuma ba ta rawa a hannunsa."

Bayan musayar duka biyu ya sake dubawa:

"Yana ta ƙifta ido kamar wanda hayaƙi ya shiga. Ya buɗe baki zai zage ka, maganar ta sarƙe."

Sai na ƙarshe:

"Gwiwoyinsa na lanƙwashewa. Ya dafa bango, yana kallon gefenka, ba kai ba."

A bayani na farko, jimla ta farko rauni ce, ta biyu hayyaci; sauran bayanan biyu kuwa duk hayyaci ne. Wanda ya karanta na ukun ya san saura bugu ɗaya ɓarawon ya faɗi, ba tare da an ce masa 4 cikin 80 ba. Kuma yanzu yana da zaɓi na gaske: ya ƙarasa shi, ko ya ce masa ya ajiye wuƙar, ko ya ɗaure shi. Lamba tsirara tana kashe wannan zaɓin, domin mutum ya daina kallon ɓarawo ya koma yin ragi.

Yanzu ga inda nake ganin tsanin kashi cikin ɗari yake yaudara, kuma shi ne, a ganina, ainihin abin da ya jawo ƙorafin masu gwajinku. Ɗauki mutum biyu, kowanne saura kashi 25. Na farko jarumi ne mai maki 200, saura 50. Na biyu yaro ne sabon shiga mai maki 20, saura 5. Dodon da suke faɗa da shi dukansa 10 ne. Jarumin zai sha huɗu yana tsaye, sai a na biyar ya faɗi. Yaron guda ɗaya ta gama da shi. Amma tsanin zai ba mai magani jimla iri ɗaya a kan su biyun, ya je ya ɓata maganinsa a kan jarumi, yaro ya zube. Tambayar da ɗan wasa yake yi a ransa ita ce saura duka nawa, don haka ita za ka amsa. Lissafin ba wuya: ka riƙe matsakaicin dukan da mutumin ya sha a zagaye uku na baya, ka raba makin da ya rage da shi. In amsar ta haura biyar, yana nan daram. Uku zuwa biyar, ya fara jin jiki. Biyu, yana tangaɗi. Ɗaya ko ƙasa, yana bakin faɗuwa. In ba a faɗa ake ba, sai ka koma kan kashi cikin ɗari, babu laifi. Matakai huɗu ko biyar sun isa. Takwas sun yi yawa, ba mai iya tuna ko "ya jigata" ya fi "ya galabaita" muni, sai ka ga 'yan wasa sun rubuta jadawali sun liƙa, ka dawo gidan jiya, lamba ce dai da wata riga.

Kada kuma ka jira sai an rubuta "duba". A tsakiyar faɗa rubutu gudu yake yi, ba mai sukunin duba kowa. Duk lokacin da wani ya sauka daga wani mataki zuwa na ƙasa, a sanar da duk wanda ke wurin da layi ɗaya: "Abokin tafiyarka ya yi tangaɗi, ya kusa sakin sandarsa." Dungeons & Dragons na 2008 ya yi wani abu mai kama da haka, inda duk wanda ransa ya sauka zuwa rabi ake shelanta cewa ya jiƙe da jini, har wasu dabarun faɗa ba sa aiki sai a kan irinsa. Layi ɗaya ne tak, amma yana canja yadda kowa ke wasa.

A nan ni kaina na taɓa cin tuwon kunya. Na saka irin wannan sanarwa a wani ƙaramin wasa da muke gwadawa, na manta cewa maki yana ɗan dawowa da kansa kowane zagaye. Wani ɗan wasa ya tsaya daidai kan iyaka, a doke shi ya sauka, ya farfaɗo da maki ɗaya ya hau. Sai allo ya cika da "ya yi tangaɗi", "ya dawo hayyacinsa", "ya yi tangaɗi", har aka laƙaba masa suna mashayi. Maganin shi ne ƙofar sauka da ta hawa su bambanta: in a 20 ake shiga tangaɗi, kada a fita sai an kai 28 ko 30. Kuma kowane mataki ka rubuta masa jimloli uku ko huɗu ana sauyawa, amma da kalma ɗaya da ba ta canjawa, misali "tangaɗi", don ido ya riƙa cafke ta da sauri. Launi yana taimakawa, sai dai kada ka jingina komai a kansa. Makafi da yawa suna buga wasannin rubutu da manhajar da ke karanta musu allo, kuma ja da kore duk ɗaya ne a kunne.

Saura batun wa zai ga me, wanda a nan abokinka mai son lamba yake da 'yar gaskiya. Ba dole kowa ya gani daidai ba. Baƙo ko abokin gaba, a ba shi abin da ido ke gani, mataki uku ma ya wadatar. 'Yan ayari ɗaya su sami cikakken tsanin, tunda a zahiri ma abokin tafiya zai ce maka "kai, jiri nake gani". Mai magani kuwa, in ya ƙware, a ba shi umarni nasa na kansa, kamar "auna", wanda zai ci masa zagaye guda amma ya gaya masa kusan daidai: "Ba zai jure fiye da duka biyu ba." Ka ga ƙwarewarsa ta zama abin nema ke nan, kuma zagayen da ya kashe yana aunawa shi ne kuɗin da ya biya. Duhu ya rage abin da ake gani, rawani ko kwalkwali ya ɓoye ido. Har kana iya ba wa mayaudari damar yin tangaɗin ƙarya don a saki jiki da shi, ko jarumi ya cije ya ɓoye jirinsa mataki ɗaya. Amma ka yi wannan da taka-tsantsan, kuma mai magani ya iya gano shi. In bayanin wasa ya cika yin ƙarya, mutane za su daina karanta shi.

Abu na ƙarshe, wanda ya riga ya suma shi ma yana buƙatar tsaninsa. "Yana kwance a sume" bai gaya wa kowa ko a tsaya a kansa ko a ci gaba da faɗa ba. Jimla uku sun isa: numfashinsa a daidaice yake, ko numfashinsa sama-sama, ko ya fara motsa yatsu yana nishi. Ku fara da wannan da kuma sanarwar sauka mataki, domin su ne mafi sauƙin rubutawa, ku ba masu gwajin nan mako guda. In har yanzu mai magani yana barin mutane suna zubewa a gabansa, sai ku shigo da lissafin saura duka nawa.