Shin akwai ƙadangare mai dafi?

Tambaya: Tun muna yara ake ce mana tsaka tana da dafi. Gaskiya ne, kuma akwai ƙadangaren da cizonsa ke da dafi irin na maciji?

Amsa: Tsaka ba ta da dafi ko kaɗan. Amma akwai ƙadangaru masu dafi na haƙiƙa, dangin da masana ke kira Heloderma, waɗanda ba a samunsu a daji sai a nahiyar Amurka. Mafi girma a cikinsu yana zaune ne a dazuzzukan yammacin Meziko da ke fuskantar Tekun Fasifik, inda itatuwa ke kakkaɓe ganye da rani, kuma tsawonsa yakan kusanci santimita 90. Fatarsa baƙa ce mai dabbare-dabbaren rawaya, cike da ƙananan ƙulle-ƙullen ƙashi kamar an jera duwatsun carbi.

Dafin yana fitowa ne daga muƙamuƙin ƙasa, ya bi ta wasu tsagogi da ke jikin haƙoransa, saboda haka dole ya kama ya riƙe yana tauna kafin ya shiga rauni, saɓanin kububuwa da ke sara ta saki. Cizon yana da raɗaɗi mai tsanani, yana kawo kumburi da amai da faɗuwar jini, amma da wuya ƙwarai ya kashe mutum. A ganina, yanayin abincinsa ne babbar hujjar cewa dafin na kare kai ne, domin akasarin abin da yake ci ƙwai ne na tsuntsaye da na sauran ƙadangaru, sai 'yan tsaki da yake hawa bishiya ya tarar a sheƙa, kuma ba a buƙatar dafi kafin a fasa ƙwai. Idan ya ƙoshi sai ya tara kitse a wutsiyarsa mai kauri, ya shige rami, inda yake shafe mafi yawan rayuwarsa. Da wannan kitsen yake cin rani.

Nau'in da ke kwarin Motagua a Gwatamala, wanda aka fara bayyana shi a kimiyyance a 1988, ya kusa ƙarewa saboda sare daji da kuma kisan da ake yi masa don tsoro. Daga dafin ɗan'uwansu na hamadar Arizona kuwa aka gano sinadarin da ya haifar da maganin ciwon suga mai suna Byetta, wanda Amurka ta amince da shi a 2005.